Rasuwar Shafin Giyar Gidan Anupras

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ta rasa inda za ta kai shi, Teklė Žilienė, tsohuwar malamar kimiyya da ke zaune a gonarta kusa da garin Biržai, tana sanar da 'yan uwa da abokan sha rasuwar shafin giyar gidanta, a dandalin nan na intanet inda mashaya ke ba giya maki. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha huɗu. A intanet, wannan tsufa ne.

Mijinta Anupras, wanda ya riga shi tafiya da shekara shida, shi ya buɗe shafin a kwamfutar ɗakin karatu na gari, da yatsa ɗaya. Shi ne kuma ya fara rubuta ra'ayi, layi biyu kacal, ya ba giyar matarsa uku cikin biyar. Kwana biyu ba ta kula shi ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki maganar mutum ɗari uku da sha ɗaya, bai taɓa mayar wa kowa da martani ba. Har yanzu muryoyinsu na kunnenta. "Warin rumbu take yi, amma na ƙara kofi uku," in ji wani ɗan Finland. "Wannan ai ba giya ba ce, kunu ne mai fushi," in ji wani ɗan Poland. Maƙwabciyarta Salomėja ma ta rubuta nata: "Ta surukarki ta fi. Ki yi haƙuri, Tekle, gaskiya ce."

Ciwon ajali ya fara ne bara, da wani baƙo ɗan Norway ya iso a kan keke. Ya duba wayarsa bai ga shafin ba, sai ya buɗe wani sabo, ya manna masa hoton karen gidan. Giya ɗaya ta zama da shafi biyu. Da wannan kaɗai ne da sauƙi, don masu kula da dandalin kan haɗe irin waɗannan tagwaye. To amma baƙon ya tambaye ta me take zubawa, ita kuwa ba ta iya ƙarya ba. Ta ce sha'ir bai yi kyau ba bana, don haka ta ƙara wake a cikin tsiron hatsin da ake dafa giyar da shi, kamar yadda kowa ke yi a wannan yanki idan hatsi ya yi ƙaranci. Ya rubuta haka a sabon shafin. Dokar dandalin kuwa ta ce idan haɗi ya canja, giya ta zama wata giyar: a rufe tsohon shafi, a bar sabo.

Teklė na so a sani cewa shekara talatin da takwas tana koyar da awo, ta san abin da ke aunuwa. Shekara hamsin tana dafa giya, ba a taɓa samun dahuwa biyu iri ɗaya ba. Da bokiti take awo, bokitin ma sau huɗu ana canja shi. Yistin da ta gada wurin surukarta a kwalba yake, rataye cikin rijiya, kuma yana da ranakun da yake tashi da ƙunci. In dokarsu za a bi, ta binne giya ɗari biyu ba ta sani ba.

An yi ƙoƙarin magani. Ta rubuta wasiƙa shafi uku, mai kantin magani ta fassara mata zuwa Turanci. A ƙarshe ta roƙi alfarma ɗaya: ko za a rufe shafin, a bar mata ra'ayin farko yadda yake, don mijinta ne ya rubuta shi. Amsa ta zo bayan kwana tara, daga wani mai kula da dandali da ba shi da suna, sai hoton mujiya: "Mun gode da gaskiyarki, kaka. Doka ta hana iyalin mai giya ba da maki. Mun cire ra'ayin." Har da 'yar fuskar murmushi a ƙasa.

Ba ta taɓa kwafe layukan nan biyu ba. Ita da ba ta yarda da likita, ba ta yarda da masu hasashen yanayi, huɗubar limamin coci ma rabi take ɗauka, sau ɗaya a rayuwarta ta yarda da abin da kowa ke faɗa, wai intanet ba ya mantuwa.

Marigayin ya rasu ya bar sabon shafi mai ra'ayi huɗu da hoton kare, da yisti a rijiya wanda ba a gaya masa ba tukuna, da tsohuwa ɗaya.

Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan an taso daga coci, a tsakar gidan. Babu gawa, saboda haka ba a buƙatar masu haƙa. Za a fasa ganga ta ƙarshe ta haɗin da babu wake, da burodin baƙin hatsi da naman alade mai gishiri. Kowa ya zo da kofinsa. Wanda aka kama yana ba da maki, Salomėja za ta raka shi bakin titi.

Roƙo ɗaya ya rage. Teklė na tuna layin farko: "Ta yi zaƙi da yawa, kamar kullum." Na biyun ya ɓace mata. Salomėja ta rantse cewa a kan kumfar giyar yake magana. Ƙanen Anupras ya ce a'a, a kan Teklė ne, amma ya manta abin da aka ce. Ba ta yarda da ko ɗayansu ba. Duk wanda ya taɓa karanta shi, don Allah ya zo da wuri, tun kafin a fara sha. Zai same ta a bakin ƙofa da takarda da fensir.