Bangon Mujallar Na-Sani

"Ni fa," in ji Na-Sani, yana bugun ƙirji da gindin biro, "tun ina cikin zanin goyo nake gyara wa mutane launi. Ku bar mini bangon mujallar nan, ku je ku huta. In Malama ba ta miƙe tsaye ta tafa mana ba, ku aske mini rabin kai."

Aboki, bari in gabatar maka da mutumin. Ajinmu ɗaya a darasin aikin jarida. Ba a taɓa fara magana a gabansa an kai ƙarshe ba, domin kana buɗe baki zai ce "na sani". Ka ce masa ana ruwa a waje, ya sani. Ka ce masa kakarka ta yi mafarki jiya, ya sani. Tabarau yake sawa marar magani, wai don a gane shi mutum ne mai zurfin tunani, ga fensir a bayan kunne da ba a taɓa feƙe shi ba.

A zangon ƙarshe Malama ta raba mu rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya haɗa mujallar waƙa: bango, da shafin da ke jera abubuwan da ke ciki, da hira mai cin shafi biyu a tsakiya. Rabin makin shekara a kan wannan aiki yake, kuma ranar baje koli har iyaye za a gayyato. Ƙaddara ta haɗa mu mu huɗu: ni, da 'Yar Kamara, wadda ba ta rabuwa da kamararta ko sallah za ta je, da Maƙogwaro, dogon nan mai jita da yake rera waƙa a bayan ɗakin karatu, sai uban gayya.

Malama ta cika allo da ƙa'idoji. Sunan mujalla a sama, da manyan haruffa, yadda za a hango shi daga tsallaken titi. Hoto guda ɗaya, mawaƙi yana kallon mai saye ido cikin ido. Launi kada ya wuce uku. Salon haruffa biyu, in an matsa uku. Kanun labarai a gefe, kada su hau kan fuska. Kwanan wata, da farashi, da 'yan layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti, su a ƙasa can lungu.

Kowa yana kwafa. Na-Sani ya harɗe hannuwa.

"Ba ka rubutu?" in ji Malama.

"Na sani, Malama."

Da muka fito ya tara mu a ƙarƙashin bene. "Kun ga waɗannan ƙa'idojin? Na tumaki ne. An yi su don wanda Allah bai ba basira ba. Mu karya su za mu yi."

'Yar Kamara ta ce, "To ai sai ka san abu kafin ka karya shi."

"Na sani."

Aka zo ɗaukar hoto. 'Yar Kamara ta jingina Maƙogwaro da farin bango, hasken taga yana sauka a fuskarsa tas. Tana shirin dannawa Na-Sani ya fizge kamarar.

"Haba, ƙanwata! Wannan ai hoton katin shaida ne. Kai, Maƙogwaro, koma bakin taga, ka ba rana baya."

"Zai fito baƙi ƙirin," in ji ta.

"Fasaha ke nan. Ke ba za ki gane ba."

Ya kwanta a ƙasa, ya hau kujera, ya durƙusa, har da rufe ido ɗaya, kuma wanda ya rufe ɗin shi ne wanda yake leƙen kamarar da shi. Hoto arba'in da uku ya ɗauka. Muka zuba su a kwamfuta. Wallahi in ka ga Maƙogwaro a ciki sai ka ce buhun gawayi aka jingine aka rataya masa jita. Guda ɗaya ne ya fito sarai, shi ma babban yatsan Na-Sani ne.

"Kamarar ce ta tsufa," in ji shi.

'Yar Kamara ta karɓi abinta, ta mayar da Maƙogwaro jikin farin bango, ta danna sau uku, aka gama. Amma kafin mu tashi, Na-Sani ya ari jitar ya tsaya a wurin. "Ɗauke ni ɗaya, in gwada miki haske." Ya turo baki, ya ɗaga gira, ya rungume jitar ta baibai, igiyoyin suna kallon cikinsa. Ta ɗauke shi, muka yi dariya, muka manta.

Bayan kwana uku ya kira mu ɗakin kwamfuta mu ga "abin da zai girgiza makaranta". Ya juyo mana da allon. Maƙogwaro ya yi baya kamar an watsa masa ruwan zafi. Launi tara na ƙirga kafin idona ya fara hawaye. Kowace kalma da nata salon haruffan: wata a karkace, wata da ƙaho, wata tana ɗigar jini kamar tallar fim ɗin aljanu. Kanun labaran ya rubuta su da ruwan ɗorawa a kan fari. Sunan mujallar, RAWA DA WAƘA, wanda muka kwana biyu muna gardama kafin mu zaɓa, ya jefa shi ƙasa can kusurwa, ƙanana kamar tururuwa sun yi layi.

A tsakiya kuwa, wa za ka gani? Na-Sani, da turarren baki, da jita ta baibai.

"Ina ni?" in ji Maƙogwaro.

"Ga ka nan." Ya nuna wani ɗan tabo kusa da farashi, girmansa bai kai ƙofar hancin Na-Sani ba.

"Ni ne mawaƙin fa!"

"Na sani. Amma fuska ake saye, ɗan'uwa. Taka ta rediyo ce."

Da ƙyar na riƙe Maƙogwaro. Ana cikin haka Malama ta shigo zagayen duba aiki. Ta tsaya bayan Na-Sani ta daɗe. Ta ja da baya taku uku, yadda take gwada kowane bango, ta ƙanƙance ido.

"Me aka rubuta a nan?"

"Hira ta musamman, Malama."

"To ta musamman ce ƙwarai, tunda kai kaɗai za ka karanta ta. Ina sunan mujallar?"

Ya nuna tururuwan.

"A kanti jera mujallu ake yi, wata a gaban wata, sama kaɗai ake gani. In sunan yana ƙasa, mai saye zai tona ne? Mayar da shi sama, ka ƙara masa girma. Ka rage launin nan, ba rumfar mai sayar da atamfa muke buɗewa ba. Mawaƙin kuma ya dawo."

Ta ɗauko wata tsohuwar mujalla daga kantar littattafai ta nuna mana yadda ake yi, har da dabarar nan da kan mawaƙi ke ɗan hawa kan sunan mujalla ya rufe gefen harafi, don hoton ya zama kamar zai fito ya gaishe ka. Na ga idon Na-Sani ya yi wal. A duk bayanin Malama, wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in ji masu iya magana.

Da ta fita, 'Yar Kamara ta yi abin da ya cece mu. Ta ɗauko takarda ta ce a raba aiki, kowa ya sa hannu a kan nasa, a kai wa Malama. Ita shafin jerin abubuwan ciki, ni rubutun hira, Maƙogwaro kalmomin waƙarsa da tsara su.

"Bango kuma nawa ne ni kaɗai," in ji Na-Sani. "Kada ranar yabo wani ya zo yana raɓe-raɓe." Ya sa hannu, sa hannun ya ci rabin takardar.

Sai dai duk da haka bai bar mu mun sha iska ba. Ya tarar a shafi biyun tsakiya mun sa hoton Maƙogwaro a hagu, rubutu sahu uku a dama. Muna fita cin abinci ya ja hoton ya dasa shi a tsakiya cif, wai don adalci, kowane shafi ya samu rabonsa. Muka buga gwaji, muka ninke, muka danna masa ƙarfen maƙala takarda. Ninkin ya haɗiye hancin Maƙogwaro gaba ɗaya, idanunsa biyu suka haɗe suka zama ɗaya, ga ƙarfe a goshi, ga ƙarfe a haɓa.

Maƙogwaro ya kalli hoton, ya shafa hancinsa don ya tabbatar yana nan. Sannan ya ajiye jitarsa a hankali ya fara naɗe hannun riga.

"Gwaji nake yi! Gwaji!" in ji Na-Sani daga bayan kujera. "Na san zai yi haka, so nake ku gani da idonku!"

Daga ranar muka sa wa shafukanmu makulli a kwamfuta. Ya koma kan bangonsa, ya hana kowa leƙawa. In ka matso sai ya rufe allon da riga kamar mai ɓoye jarrabawa.

Ana gobe baje koli, da la'asar, na raka shi wurin mai buga takardu. Shago ne ɗan ƙarami mai warin tawada, inji na gurnani a ciki, ga wata ƙatuwar wuƙar yanka takarda a ƙofa. Dattijon ya buɗe shafukanmu na ciki ya gyaɗa kai. Ya buɗe bango, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Samari, wa ya auna wannan?"

"Ni ne, Baba. Babban edita."

"Faɗinsa ya fi na mujallar da yatsa uku-uku kowane gefe. Ba a kan girman takardar ka zana shi ba."

"Na sani. Basirata ba ta shiga ƙaramar takarda."

"To abu biyu ne. Ko in rage shi duka ya shiga, ko wuƙa ta ci gefe da gefe."

"In ka rage, fuskar ma za ta ragu?"

"Dole."

"Kada ka taɓa ko ɗigo. Abin da ya yi saura, yanke."

Dattijon ya sake duban allon. Na ga gefen gashin bakinsa yana rawa. "Ɗana, bari in buga maka guda ɗaya, in yanka, ka duba tukuna."

"Baba, gwani ba ya duba aikinsa sau biyu. Buga talatin, ka naɗe, ka ɗaure. Gobe a gaban jama'a za a kwance."

Ni dai ina bakin ƙofa, ban ga allon ba. Amma da muka fito na waiwaya, na hangi dattijon ya kifa kai a kan inji, kafaɗunsa na girgiza. Na yi niyyar in yi magana. Sai na tuna amsar da za a ba ni, na bar wa cikina.

Washegari babban ɗakin taro ya cika. Kowane rukuni da teburinsa. Na-Sani ya sha kwat a cikin zafin nan, ya zo da mahaifinsa, wani dattijo mai sanyin hali da ya rufe shagon ɗinkinsa takanas don ya ga abin da ɗansa ya yi wata guda yana cika gida da labarinsa. Ya zaunar da shi a kujerar gaba. Da Malama ta iso teburinmu da takardar maki, Na-Sani ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku matso. Yau za ku ga bambancin mai bin ƙa'ida da wanda ƙa'ida ke bi."

Ya tsinke igiyar, ya yaye takardar, ya zaro ɗaya ya ɗaga sama da hannu biyu, bangon na kallon jama'a, shi yana kallon rufi yana jiran tafi.

Jama'a suka zuba wa bangon ido.

Ashe ya bi maganar Malama, amma irin bin Na-Sani. Ya mayar da sunan sama, ya buɗa shi daga wannan gefe har wancan. Mawaƙin kam bai dawo ba. Dabarar ɗora kai kuma ya yi ta har ta wuce gona da iri: ƙaton kansa ya zauna daram a kan DA, ya rufe ta ruf. Wuƙar dattijo ta zo ta hagu ta ɗauke RA, ta zo ta dama ta ɗauke ƘA. Abin da ya rage a saman bangon, da jajayen haruffa da za a hango daga tsallaken titi: WA a wannan kunne, WA a wancan kunne, shi a tsakiya ya turo baki.

Wata 'yar aji ɗaya ce ta fara karantawa da ƙarfi. "Wa... wa."

Aboki, rufin ɗakin nan saura kaɗan ya tashi. Maƙogwaro ya zube ƙasa yana dukan siminti da tafi. 'Yar Kamara kuwa aikinta kawai take, ƙyas, ƙyas, ta kowace kusurwa. Na-Sani ya ɗauka tafin ne ya zo da sabon salo, har ya ɗan rusuna. Sai da ya juyo da mujallar ya duba. Fensirin bayan kunnensa ya faɗi.

"Malama, mai injin ne... wuƙarsa ce..."

Malama ta buɗe ciki, ta duba shafukanmu, ta ba mu maki mai kyau mu uku, ta kuma zaro takardar da kowa ya sa hannu ta shimfiɗa a kan tebur. Sannan ta ja da baya taku uku, ta ƙare wa bangon kallo.

"Gaskiya ana karanta shi daga nesa," in ji ta. "Kuma sunan ya dace da hoton. Wannan ƙa'idar kam ka cika ta."

Mahaifinsa ya taso a hankali, ya karɓi mujallar, ya sa tabarau, ya bi haruffan da yatsa. Ya daɗe yana gyaɗa kai. Na-Sani ya matso.

"Baba, wallahi kuskure ne, ba haka..."

"Na sani," in ji dattijon. Ya naɗe mujallar ya sa a aljihu, ya juyo wurin Malama. "Malama, a ƙara mini guda biyar in kai wa 'yan'uwa. Shekara ashirin ina faɗa masa wannan magana a gida yana musu, yau ga shi har an buga."