Jitata da Garmahon Surukin Nura

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin abokina Nura, ranar da baki ya yanka min wuya a gaban mutanen ƙasa biyu.

Tare muke karatun digiri na biyu, gida ɗaya a unguwar Pantai Dalam a Malesiya. Ni ina ɗan taɓa jita, kuma a ɗakinmu ni gwani ne (babu wani mai jita a ɗakin). Nura zai auri 'yar Malesiya. Ranar da na raka shi gaida mahaifinta, dattijon da muke kira Pak Cik, sai ya ɗora mana wani tsohon faifan waƙar soul ta baƙaƙen Amurka a garmahonsa. Jitar ciki tana kuka a hankali, da kauri, da 'yar rawar murya. Ya ce marigayiya matarsa ce ke son waƙar, da ma a samu mai kaɗa ta a bikin.

Ba wanda ya tambaye ni. Na ce, "Boleh, Pak Cik! Zan iya, yadda take sak."

Nura ya take min ƙafa. A jirgin ƙasa muna komawa ya ce, "Mutumina, don Allah kar ka kunyata ni. Har yanzu dangin nan auna ni suke yi."

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Na koma gidan Pak Cik na naɗi waƙar a waya daga bakin garmahon. Nura ya ce in saurari ta intanet mana, na ce waccan an wanke ta, babu ɗumi. Sati uku ina farautar sautin. Na je Sentul na aro tsohuwar amfilifaya a hannun wani mai gyara, na sa tsirkiyoyi masu kauri har yatsuna suka yi kanta, na rage kaifin sauti, na daidaita jitar da abin da na naɗa. Rawar muryar nan ta fi wahalar da ni, sai da na koyi girgiza yatsa daidai inda take girgiza. Ko cin abinci na je a shagon mamak, cokali nake kaɗawa.

'Yan uwan amarya su ne sauran makaɗa, har da mawaƙiya. Sau biyu suka kira ni gwaji na ƙi zuwa, wai ina so in ba su mamaki. (Na kuwa ba su.)

Ranar Asabar da rana, a wani zaure a Sri Petaling, bayan an ci shinkafa, aka kira mu. Na rataya jitata. Mai fiyano ya fara, sai na ji kamar ya hau sama kuma yana sauri. Na ce a raina yara ne, ba su iya ba. Na rufe ido na shiga.

Jama'a, kun taɓa jin akuyar da aka ɗaure wa uwa? Suna gabas ina yamma. Mawaƙiyar ta bi ni, ta koma ta bi fiyano, ta yi shiru. Da na buɗe ido, wata gwaggon amarya ta toshe kunnen jikanta. Nura ya sunkuyar da kai har hularsa na shirin faɗuwa. Amma yatsuna ba su san wata hanya ba, haka na kai ƙarshe ni kaɗai.

Mai fiyano ya raɗa min, "Bro, a ina ka koya lah?"

Na ce daga garmahon Pak Cik. Ya dafe kai. Ashe robar da ke juya faifan ta saki tun shi mai fiyanon yana yaro, shi ya sa komai ke fita a ƙasa, a hankali, yana rawa. Sati uku na yi ina haddace ciwon inji.

Ina naɗe wayar jita ina neman ƙofar baya, sai ga Pak Cik, idonsa jawur. Na fara ba da haƙuri. Ya riƙe hannuna ya ce, "Su ta kanti suka kaɗa. Kai ta gidana ka kaɗa. Haka marigayiya ta san ta."

Ya juya ya dafa kafaɗar Nura, sai a lokacin na ga angon ya saki numfashi.

Har yau 'yan ɗakinmu Garmaho suke ce min. Na dai koyi abu guda: kafin ka kwaikwayi tafiyar mutum, duba ko ƙaya ce a ƙafarsa. Kuma in an kira ka gwaji, ka je.