Mai Digirin Dambe a Malumfashi

Wani ne, ɗan wajen Tsiga, gwamnati ta tura shi Ingila ƙaro ilimi, zamanin nan da kuɗin fetur ya sa ko akuya ta iya sa hannu sai a ba ta sukolashif. Me ya je karantawa? Wai yadda manyan wasanni ke shafar rayuwar jama'a. Ka ji fa! Mutane na karatun likita, shi ya haye teku yana karanta 'yan kallo.

Ran nan farfesansa na ta kuranta taron ƙwallonsu, sai gogan ya taɓe baki.

"Ranka ya daɗe, wannan ai taron suna ne. Ka zo Malumfashi bayan an sayar da auduga ka ga dambe."

Alhali tunda aka haife shi bai taɓa leƙa filin dambe ba. Ubansa malamin zaure ne, ko kalangu ya jiyo sai ya yi a'uzubillahi.

Bature ya ce, "Madalla. Je ka ɗauko mini bayani daga bakin 'yan damben da kansu. In babu bayani, babu digiri."

Haka ya dawo gida da kwat da nakatai, ga rikoda rataye a kafaɗa, ga takardun tambayoyi cike da jaka. Aka ce masa 'yan dambe mahauta ne, ya nufi kasuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rabawa. Suka karɓa hannu bibbiyu, har da godiya. Daɗi ya kama shi. Da yamma ya sayi tsire, aka naɗo masa a cikin tambaya ta bakwai.

Ya koma wurin babbansu, wani ƙaton mahauci Aƙilu, wanda tun daga Funtua har Musawa ba a taɓa kai shi ƙasa ba.

"Malam Aƙilu, don Allah minti biyar kawai."

Aƙilu bai ko ɗago daga saran ƙashi ba. "Ɗan boko, mu ba mu zancen dambe da ɗan kallo. Nama za ka saya?"

Sati uku yana wannan safa da marwa, ko kalma ɗaya bai samu ba. Ga ranar ƙarshe ta wasa ta zo, ga jirginsa jibi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ya hango kansa ya koma Ingila da kaset wayam.

Da la'asar fili ya cika maƙil, kalangai na tashi. Aƙilu na tsakiyar fage da naɗaɗɗen hannu, an rasa mai fito masa. Gogan ya ce a ransa, yau ko ana ha-maza-ha-mata sai ya yi magana. Ya tuɓe kwat saboda zafi. Wayar makirufo na jan ƙasa, sai ya nannaɗe ta a hannun dama, tam. Ya ratsa mutane, ya tsaya gaban Aƙilu, ya miƙa masa dunƙulen nan daidai hanci.

To, ku kun sani, duk wanda ya shiga fage da naɗi ya miƙa wa ɗan wasa hannu, ya nemi turmi ke nan, wato a gwabza. Kowa ya sani, ban da mai binciken.

Fili ya ɗauki ihu. Makaɗa suka juyo kansa. Wani maroƙi ya fasa ihu, "Ga na Ingila! Ga mai dambe da nakatai!"

Gogan ya ɗaga musu hannu yana murmushi, wai an gane darajar ilimi. Ya gyara murya.

"Tambaya ta farko. A ganinka, ta yaya..."

Tim!

Ya farfaɗo a gindin ɗorawa ana yi masa fifita da takardunsa. Haƙori ɗaya ya yi gaba, takalmi ɗaya har yau ba a gan shi ba. Ga Aƙilu tsugune kusa da shi, ga Maharazu Sarkin Dambe a tsaye.

Aƙilu ya rungume shi. "Wallahi kai namiji ne! Bana kaf ba wanda ya miƙo mini hannu sai kai. Yanzu ka zama namu. Kunna akwatin naka."

Ya zauna ya zazzage masa komai. Motocin da ke zuwa daga Bakori, masu waina da ke ƙarar da ƙwarya uku ta ƙullu, auren da aka ƙulla a bakin fili, da auren da ya mutu a can. Sai da kaset ya cika gaba da baya.

Gogan na hawaye, rabi na zafi rabi na murna.

Maharazu ya ce, "Ka gani? Haka al'adar take. Kowannensu sai ka shiga da shi yake buɗe baki. Yanzu dai buƙata ta biya ko?"

Ya tofar da jini, ya yi magana da rabin baki. "Sarki, da saura. Farfesa ya ce mutum ɗaya bai isa bincike ba. Talatin yake so."

Maharazu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya yafuto makaɗa.

"Talatin? To ku tashe shi tsaye mana, magariba ta kusa. Ina na biyu?"