Rigar Surayya da Tsibirin Tasi'u

Akwai wani tela a nan Funtuwa, sunansa Tasi'u. Hannunsa kam ba a magana, in ya ɗinka miki riga sai an tare ki a hanya an tambaye ki wa ya yi. Matsalar dai a samu ya ɗinka ɗin. Tun da ya sayi sabuwar waya ya zuba wani gem, wato wasan waya, a ciki, shi ke nan keken ɗinki ya koma wurin ajiye kofin shayi. Gem ɗin na wani jarumi ne mai kwale-kwale, yana bin kogi gari-gari yana karkashe dodanni. Tasi'u ya cinye duk garuruwan tas, ya zo bakin wata gada, sai ga gada an garƙame ta da ƙaton kwaɗo. Wai a tsallake akwai sabon tsibiri, masu gem ɗin suna kan gina shi, kuma wanda ya biya tun yanzu shi zai fara shiga. Gogan naka ko shawara bai yi ba, ya biya. Suka ce kafin azumi. Azumi ya zo ya wuce. Suka ce bayan Sallah. Aka ci Sallah aka suɗe hannu, gada na nan da kwaɗonta.

To, Tasi'u yana da 'yar kawu mai suna Surayya. Taubasai ne, ba kunya tsakaninsu, in suka haɗu sai an raba. Ita kuma jibi-jibin nan ake walimar saukarsu a Islamiyya, duk 'yan ajinsu anko za su sa, atamfa ruwan goro. Kowa ta karɓo nata ɗinkin har an fara gwadawa ana ɗaukar hoto, ita kaɗai ce tata atamfar ke wurin Tasi'u tun kafin azumin nan, don mamanta ta ce ba za a tsallake ɗan gida a kai wa bare ba. Kun dai san ɗinkin 'yan gida, shi ne na ƙarshe a layi, in ma akwai layin.

Ran nan da hantsi Surayya ta zari hijabi ta nufi shagon kamar za ta tashi sama. Ta tarar da shi a miƙe kan tabarma, ƙafa ɗaya kan ɗaya, waya a fuska. Abokinsa Gali na zaune a benci yana cin gyaɗa. Can jikin ƙusa kuma ga rigarta a rataye, an yi jiki, an yi wuya, amma ba hannu ko ɗaya, kamar singileti.

Ta ce, "Salamu alaikum. Yaya Tasi'u, ina kayana?"

Bai ko ɗago ba ya ce, "A'a, 'Yar Kawu! Ai an gama."

"An gama? Waccan ce aka gama?"

"To me ya rage? Hannuwa ne kawai da zif."

"Da siket. Da ɗankwali."

"Su ai ba ɗinki ba ne, miƙewa ce kawai. Ki dawo da yamma."

"Jiya ma da yamma ka ce. Shekaranjiya ka ce an ɗauke wuta, alhali keken naka da ƙafa ake taka shi."

Gali ya ƙware da gyaɗa. Tasi'u ya harare shi, ya juyo ya ce, "Ke matsalarki gaggawa. Abu mai kyau ai sai da haƙuri. Af, na tuna. In kina son duwatsun nan masu walƙiya a wuya irin na ƙawayenki, ki gaya wa Mama wannan kuɗinsa daban ne."

Surayya ta buɗe baki za ta sauke masa kwandon magana, sai wayar ta yi ƙara, ƙil! Wallahi kamar an tsikare shi da allura, Tasi'u ya miƙe zumbur.

"Gali! Gali, sun turo! Mutanen tsibiri ne, sun turo saƙo!"

Gali ya leƙo ya ce, "An buɗe gadar?"

"Ban sani ba, dogon turanci ne." Shi dama turancin Tasi'u na gaisuwa ne, daga ya wuce layi biyu sai ya fara gumi. Ya kalli Gali, Gali ya kalli gyaɗarsa. Sai ya juyo wurin Surayya da wata 'yar murya mai daɗi. "'Yar Kawu ta kaina, 'yar boko. Zo ki karanta min, Allah Ya yi miki albarka."

Kamar ta ce ba za ta karanta ba, sai kuma ta miƙa hannu ta karɓi wayar. Ta gyara tsayuwa, ta gyara murya, tana karantawa tana juya masa da Hausa.

"Sun ce, ya kai ɗan wasanmu mai daraja."

"Ni ne nan. Ci gaba."

"Sun ce sun san ka daɗe kana jira, suna godiya da haƙurinka."

"Ba godiya nake so ba, gada nake so. Ci gaba!"

"Sun ce saboda suna son abin ya fito da kyau sosai, sun ɗaga ranar buɗewa."

"Zuwa yaushe?"

"Ba su faɗa ba."

Tasi'u ya dafe kai da hannu biyu. "Inna lillahi! Gali, ka ji ko? Ka ji mutanen banza?"

"Tsaya, da saura," in ji Surayya. "Sun ce tsibirin ya yi girma, sun raba shi kashi biyu. Kuɗin da ka biya na kashin farko ne. Sannan a tsibirin kwale-kwale ba ya shiga, sai da doki. Dokin kuma sayarwa za su yi."

Tab! Ai sai shago ya yi wa Tasi'u kaɗan. Ya kai gwauro ya kai mari tsakanin keke da teburin guga, yana faɗa har jijiyar wuyansa ta fito.

"Wannan ai rashin tsoron Allah ne! Ka karɓi kayan mutum, ka yi masa alkawari, ka sa masa rana, ranar ta zo ka ce ya ƙara haƙuri? Kullum mutum ya zo ya leƙa, abu na nan yadda ya bar shi! Sannan ko kunya babu ka ce wai wani abin kuɗinsa daban? Ina ma laifin ku gama na farkon tukuna!"

Gali ya kalli rigar da ke jikin ƙusa, ya kalli Surayya, ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Gaskiya ba su kyauta ba, Yaya. To yanzu me ya kamata a yi musu?"

"Irin waɗannan magana ba ta shigarsu! Ko shekara za ki yi kina roƙo, a banza. Da ni ke da iko, abin da suka fi so a duniya zan ƙwace in riƙe. In ce ba za su ƙara ganinsa ba sai sun gama aikin mutane. Ki ga in ba su gama a yini ɗaya ba!"

"Ka tabbata zai yi aiki?"

"Rantsuwa kike so in yi?"

Surayya ta ce, "A'a, na yarda." Ta zura wayar cikin hijabi, ta ja kujerar roba ta zauna a bakin ƙofa, ta harɗe ƙafa.

Sai Gali ya faɗo daga benci yana riƙe ciki don dariya.

Tasi'u ya ce, "Ke, bar wasa. Ba ni wayata."

"Ga keke can."

"Surayya, ni fa yayanki ne."

"Shi ya sa na bi shawararka."

"Wallahi zan ƙwace!"

"Taɓa ni ka gani, in ƙwala ihu Goggo ta fito in gaya mata inda kuɗin ɗinkin Sallah ya tafi. Tsibiri!"

Jin an ambaci tsohuwarsa, Tasi'u ya yi laƙwas. Ya sauke kofin shayi daga kan keke, ya hure ƙura, ya fizgo rigar daga ƙusa yana ƙunƙuni. Almakashi ya yi ƙyas-ƙyas, keke ya ɗau kuka, tatatata, har maƙwabta suna leƙowa don sun manta shagon na da keke. Kafin Gali ya gama tsince gyaɗarsa daga ƙasa, hannun dama ya hau, ya zauna ɗas, abin sha'awa.

Tasi'u ya ɗaga rigar ya ce, "To ga shi, kin ga na fara. Kawo in ɗan duba abu ɗaya, sai in ƙarasa."

Surayya ta sa hannu cikin hijabi ta yi 'yan dabarunta, ta zaro robar bayan wayar ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya juya ta gaba, ya juya ta baya. "Mene ne wannan? Ina wayar?"

"Wannan kashin farko ne. Muna godiya da haƙurinka."

"Haba 'Yar Kawu, don girman Allah! To yaushe za a ba ni sauran?"

Surayya ta kalli rigar mai hannu ɗaya, ta gyara zama ta ce, "Ba mu sa rana ba tukuna, Yaya. Mu ma telanmu muke jira."