Lagireton Zuwa Gidan Surukai

Wani ne a Haɗeja, irin mutanen nan da ba a gaya musu gaskiya su ji, ya je ya kwaso wata tsohuwar motar tsere, ja, mai ƙofa biyu. Motar ta girme shi nesa ba kusa ba. Cikinta na shafar ƙasa, in za ka shiga sai ka durƙusa kamar mai neman gafara. Shi kuwa gani yake duk Jigawa babu na biyunsa.

Matsalarta lagireto. Yoyo yake ba dare ba rana, duk inda aka ajiye ta sai ka tarar ta yi fitsari a wurin. Ya kai ta garejin Bunu bakanike. Bunu ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya girgiza kai.

"Wannan ya ruɓe, ba ya liƙuwa. Sai an sa wani, kuma irinsa sai Kano. Ka ba ni zuwa Litinin."

"Wace Litinin? Asabar zan je gaida baban Saudatu. Ranar zai faɗi ko ya ba ni ita ko bai ba ni ba. Na ce mata a motar nan zan zo, ta gaya wa duk ƙauyensu."

"To ka hau acaɓa."

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

Ranar Asabar da safe ya ci kwalliya, ya tsaya wajen mai shayi yana ƙorafin yoyon lagireto. Mai shayi ya ce, "Ɗan wannan? Ai ɗanyen ƙwai direbobi ke fasawa a ciki. Yana dahuwa sai ya toshe ƙofar." Ƙwai ɗaya aka ce masa. Gogan naka ya fasa rabin kiret, wai motarsa ta manya ce.

Ya kama hanyar Baturiya, don ƙauyen su Saudatu ta can yake. Bai yi nisa ba allurar zafin inji ta hau ja. Ya tsaya a wata 'yar kasuwar bakin hanya, ya ɗaga bonet, mutane suka taru. Wani direban akori-kura ya ce, "Ƙwai dabarar 'yan birni ce. Mu dakakken barkono muke zubawa."

Aka nuna masa 'Yar'azumi mai kayan miya. Ita kuma tun safe ba ta yi ciniki ba, sai ga Allah ya kawo mata shi har gaban tire.

"Ɗan nan, barkono shi kaɗai ba ya riƙe ruwa. Sai da abu mai yauƙi. Ga busasshiyar kuɓewa."

"Zuba, Iya."

"Kanwa kuma tana cinye tsatsa."

"Zuba."

"Daddawa fa? Ita ke haɗa kansu."

"Kin taɓa gwadawa a mota?"

"Tun kafin a haife ka nake haɗa su, ba su taɓa ba ni kunya ba."

Har da gishiri da manja ta ɗura masa, ta kaɗe tirenta ta yi gida.

Can gaba ruwa ya sake ƙafewa. Lokacin kogi ya cika ya malala fadama har gefen hanya. Ya roƙi wani masunci bokitin ruwa. Masuncin ya ce, "Akwai 'yan ƙananan kifi a ciki, bari in tsame."

"Bar su, sauri nake."

Ya juye duka, ya murɗa marfi, ya taka wuta. Mota ta ɗau zafi, ƙamshi ya cika hanya. Karnuka suka biyo shi a guje. Duk rugar da ya wuce sai mutane su ɗaga hanci suna tambayar gidan wa ake suna.

Ya iso ya tarar baban Saudatu zaune kan tabarma a ƙofar gida da dattawan unguwa, cikin farar riga fes, an ajiye musu kwanon tuwon shinkafa. Maimakon ya tsaya daga nesa ya tako da ƙafa kamar ɗan mutunci, sai da ya kawo hancin motar har bakin tabarma. Ya ƙara taka totur don Saudatu ta jiyo daga cikin gida.

Marfin lagireto ya yi sama, bonet ya wangale. Miya ta yi tsiri, ta sauko kan dattawa, kan farar riga, kan tuwo. Wani kifi ya sauka a hular liman.

Mutumin naka ya rarrafo daga mota, gwiwa a ƙasa, ya san Saudatu ta kuɓuce masa. Baban Saudatu ya sa yatsa ya shafo gemunsa, ya kai baki. Ya sake shafowa. Sai ya jawo kwanon, ya yanki loma, ya dangwala a gefen mota.

"Baba, don Allah a yafe mini. Lagireto ne. Wallahi ranar Litinin za a cire shi a jefar, a sa sabo."

Tsohon ya haɗiye, ya lashe yatsa, ya dube shi.

"Na ba ka yarinyar. Amma in ka cire shi ka ci me? Ni na san hannun Saudatu a miya, na uwarta ta ɗauko."