Durƙuson Lucius Mai Zuma

Duk birnin Memphis na Amurka babu maƙogwaro irin na Lucius Pettiford. Shi da kansa ya faɗa, wa zai fi shi sani? A cocinmu ya koyi buɗe baki, sannan ya kwashi muryar ya kai gidajen rawa, ya soye gashinsa ya kwanta luf, ya raɗa wa kansa Mai Zuma.

"Mata ba saurarona suke ba, suma suke," in ji shi. "In na durƙusa a tsakiyar waƙa, sai an kira motar asibiti."

Wannan fa a da ne. Yanzu tumbi ya yi gaba, faifai ya tsaya. Sai wani Mista Odell, mai kai mawaƙa wasa gari-gari, ya ce zai ɗauke shi in ya ga da idonsa cewa zumar ba ta ƙare ba. Gidajen rawa sun daina ba shi dandali, don haka gwanin ya tuna da Ubangiji. Ran Lahadi ya shigo coci sanye da kwat ruwan hoda, Odell na biye.

"Fasto, na zo in taimaka wa Allah da waƙa ɗaya."

Ya ja waƙar yabo yana lanƙwasa ta kamar zance da budurwa, yana kashe mana ido, mu da muka binne mazajenmu. Da ya kai ƙololuwa sai ya zube a kan gwiwa. Gwiwar ta ce ƙas! Ya kurma ihun da bai taɓa yin mai daɗinsa a faifai ba.

"Ruhu ya kama shi!" in ji Mama Ernestine, shugabar mata.

Mata masu hidimar coci, masu fararen safar hannu, suka yi masa caa da mafitai, suka lulluɓe shi da farin mayafi, yadda ake yi wa duk wanda ya faɗi.

"Ƙafata! Ku sake ni!"

"Yi shiru, ɗana," in ji Mama Ernestine. "Ta ƙafa Shaiɗan ya shige ka, ta nan zai fita."

Nan take Fasto ya sanar cewa Ɗan'uwa Lucius ya tuba, ya bar waƙar duniya har abada. Coci ta kaure da tafi. Mai Zuma ya leƙo ta gefen mayafi yana neman Odell, sai ga shi tsaye a kansa, hula a ƙirji, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Odell, ka dai gani ko? Yaushe za mu tashi?"

"Na gani, ɗan'uwa. Ni mai zunubi ne, amma ban kai in ƙwace wa Allah ma'aikaci ba."