Kaskon Turaren da Alhaji Ya Bar Min

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sadakar arba'in ɗin maigidana, Allah Ya jiƙansa. (Bashir, rubuta yadda na faɗa, kada ka gyara wa uwarka magana.)

Akwai wata 'yar tukunyar ƙasa mai zane ja da baƙi da Alhaji ya sayo min a kasuwar tsofaffin kaya, farkon zuwanmu unguwar Bronx a Amurka. Na ga mutum a jiki da ganyaye a ka, na ce manomi ne. Na mai da ita kaskon turaren wuta. Tun da Alhaji ya rasu, in na riƙe ta sai hawaye.

Ranar sadaka falo ya cika. Na zuba garwashi da turare mai kyau, na sa aka ajiye a gaban Liman. Ana cikin addu'a maƙwabciyata Rosa, 'yar ƙasar Gwatamala, ta shigo gaisuwa. Da aka shafa, ta hango tukunyar, ta dafe ƙirji tana ta Turanci cikin murna.

Na ce, "Bashir, me take cewa?"

"Umma, bari sai anjima."

"Faɗa mana, ai yabo take yi."

Ya sunkuyar da kai. "Ta ce kwafin tukwanen kakanninsu ce. Wannan mutumin abin bautarsu ne na masara. Wai ta gode, su ma turare suke ƙona masa."

Innalillahi! Ni da na hana jikoki rataya hoto a ɗaki, ashe shekara da shekaru ina turara gunki, har da daren Juma'a! Liman ya ja rigarsa baya a hankali. Hayaƙi kuwa sai tashi yake abinsa.

Na fashe da kuka. "Malam, na ɓata wa Alhaji addu'arsa?"

Ya ce, "Hajiya, Allah muka roƙa, ba tukunya ba. Amma dai a fitar da baƙon nan."

Fasa ta ya gagare ni, hannun Alhaji ya taɓa ta. Na ba Rosa. Yanzu tana kan firjinta, in kewa ta dame ni sai in shiga aron gishiri, in saci kallo, in yi istigfari.

Ko faranti aka ba ni yanzu, sai na sa tabarau na tambayi wane ne a jiki.